Ɗan Ƙauye a Littafin Hausa, da Waɗanda Aka Bari a Bakin Ƙofa

Wanda ya taso daga Kano, ya bar titin Zariya a Karfi, ya kama hanyar Bunkure zuwa Rano, ba sai an gaya masa da me mutanen wannan yanki suke rayuwa ba. Da rani zai ga magudanan ruwan da aka jawo daga Tiga, ga shinkafa, ga tumatir da albasa, ga samari sun duƙa a gonar wani tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Yana matsowa Rano duwatsu za su tare masa ido. In ya wuce su ya nufi Kibiya, ya shiga ƙasar dawa da masara da gyaɗa, inda damina ce take yanke wa magidanci hukuncin shekararsa.

Mutanen nan masu son labari ne. A da littafi ake karɓowa haya, ya yi ta yawo daga ɗakin wannan amarya zuwa na waccan har bangonsa ya rabu da shi. Yau a waya ake karantawa, ko a kunna a saurara ana tsintar shinkafa. Amma ka zauna ka ji labarin da ake saurare. Jarumin yana da kamfani a Abuja, jarumar ta dawo daga karatu a Dubai, direba na jiranta a ƙofar gida. Yarinyar da ke sauraro a Tarai ko a Rurum, idan ma ta ji irinta a ciki, to 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye, ba ta iya magana ba, ba ta san yadda ake kunna famfo ba, kuma an sa ta ne don a yi dariya. Wannan abu yana da tarihi, kuma ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Rano tsohuwa ce a rubuce. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma labarin Bayajidda ya ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano ne suka zama sarakunan baba, wato masu rini. Har yau ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yadda Sarki Yaji, a ƙarni na 14, ya kai wa Rano yaƙi. To amma duk wannan rubutu sunayen sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Marinin da hannunsa ya rine a karofi, da masaƙin da ya saƙa ƙyallen, da matar da ta kaɗa zaren a tsakar gida, su ne suka sa aka kira ƙasar da sunan baba, kuma babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Labarinsu a baka ya zauna: a tatsuniya, a waƙar niƙa da ta daɓe, a habaicin kishiyoyi, a kiɗan gayya. Ko a zamaninmu haka abin yake tafiya. Da aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, da aka rushe ta a watan Mayun 2024, da aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, jaridu sun cika da sunan garin. Tsadar takin da manomin Kibiya ya saya a waɗannan shekarun ba ta samu ko rabin wannan fili ba.

Ƙagaggen labari da boko kuwa a ofis aka haife shi. A 1933, Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malaman makaranta su rubuta labarai da Hausa don a samu abin karantawa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Imam bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Littattafai ne masu kyau, har gobe ba su tsufa ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami da Hausa yana cin albarkacinsu.

Sai dai a dubi wanda ya rubuta su da wanda ya buga su. Marubutan 'yan boko ne na farko, akasari ma'aikatan En'e ko malaman makarantun gwamnati. Mai bugawa gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma aji aka nufa da littattafan. A irin wannan tsari babu yadda za a yi haraji da jangali su fito a matsayin abin kuka, ko ɗan doka ya fito yana ɗaure magidanci a rana, ko a ba da labarin samarin da aka kwasa daga ƙauyuka zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944. Saboda haka labarin ya tafi neman ruwan magani a ƙasar aljanu, ya tafi yaƙin jarumta, ya koma zamanin cinikin bayi da Turawa suke alfaharin sun kashe. Shaihu Umar ya taɓa zuciya ƙwarai da uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, amma zaluncin da ya nuna na jiya ne. Jiki Magayi ne ya fi kusa da ƙasa: saurayi marar ƙarfi, budurwar da yake so, da attajirin da ya sa dukiya ya raba su. A can aka fara shuka irin da zai tsiro bayan shekara hamsin.

Abin da ya kamata ya ba mu kunya, a ganina, shi ne cewa muryar mace 'yar ƙauyen Kano da ta fi kowace fitowa sarai a wancan zamani da Turanci ta fara fitowa. Baba, mutuniyar Karo ta wajen Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano, ta zauna da Mary Smith a Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ta ba ta labarin rayuwarta: harin mahara, bayin rinji, aure da saki, kishi, rashin haihuwa, ƙawance, 'yan bori, karuwai. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma yi wa kowa wa'azi ba. An buga littafin a Landan a 1954, bayan rasuwarta, kuma an daɗe ƙwarai kafin Hausar da ta faɗa da bakinta ta fito a littafi. Da a ce yaranmu sun taso da karanta Baba kamar yadda suka taso da Magana Jari Ce, ina jin da marubutanmu sun ɗauki wata hanya dabam.

Talaka ya shiga siyasa da waƙa kafin ya shiga ƙagaggen labari. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kalmar talakawa ta tashi daga sunan raini ta zama tuta. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka sa alƙalaminsu a wannan gwagwarmaya, Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasan kwaikwayo. Daga baya Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, a lokacin da mawaƙa ke layi a ƙofar fada. Waƙa ba ta bukatar injin ɗab'i, shi ya sa ta riga littafi. Injin yana hannun Kamfanin Gaskiya, sannan NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966, kuma dukansu abin da makarantu za su saya suke dubawa.

Shekarun 1970 sun girgiza ƙauyukan kudancin Kano fiye da yadda littattafanmu suka nuna. Farin 1972 zuwa 1974 ya cinye dabbobi da rumbuna. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, amfanin da ya ciyar da lardin Kano tun zuwan jirgin ƙasa a 1911, kuma dalar gyaɗa ba ta sake tashi kamar da ba. A tsakanin nan gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974. Ruwa ya haɗiye gonaki da kufai da maƙabartu, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni. A ƙasa da madatsar, wajen Kadawa da Kura da Bunkure, aka auna gonakin gado aka sake rabawa don noman rani. Wasu sun samu arziki, wannan gaskiya ne, kuma har yau dubban gidaje da ruwan Tiga suke ci. Wasu kuma ba su da kuɗin taki da na tarakta, suka ba da jinginar gona, suka wayi gari 'yan ƙwadago a ƙasar kakanninsu. Kuɗin mai ya buɗe birni, cin rani ya daina ƙarewa da faɗuwar ruwan farko. Wannan kaɗai ya isa a rubuta littafi goma.

Abin da aka samu shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo a ƙarshen shekarun, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. Sunan littafin ma ya faɗi darasinsa, kuma darasin ya zo daidai da kiran gwamnatin lokacin na a koma gona. Ya cancanci yabo, don ya sa ɗan ƙauye a tsakiyar labari. Sai a gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya, wadda littattafanta suka fito a 1982, aka ga marubuta sun saki jiki. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya, ya tona cikin attajirin fasa-ƙwauri, ya kuma biyo da Tura Ta Kai Bango kan yadda ake murƙushe talaka a siyasa. Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya ɗauko Mailoma, Bamaguje daga wani ƙauye, ya mai da shi jarumi mai ban tsoro. Wanda ya san kudancin Kano ya san har yau akwai gidajen Maguzawa a tsakanin ƙauyukanmu, maƙwabta ne da ake haɗuwa da su a kasuwa da wajen gayya, amma kafin Gagare da wuya a ga an ba ɗayansu suna da zuciya a littafi. A waɗannan 'yan shekaru, lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kamar ƙagaggen labarin Hausa zai zama na talaka.

Bai zama ba, kuma dalilin kuɗi ne. Tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. A daidai lokacin kuma masu karatu sun yi yawa kamar ba a taɓa yi ba, saboda shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci da gwamnatin Rimi ta baza, waɗanda har UNESCO ta ba su lambar yabo. Matasa suka ga babu mai buga musu, suka shiga bugawa da kansu. Hafsatu Abdulwaheed ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, Talatu Wada Ahmed ta biyo da Rabin Raina, sai abu ya zama ambaliya. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu, 'yan kasuwar Bata da Sabon Gari suka zama su ne madaba'a, su ne dillalai, su ne masu cewa ga abin da ke tafiya. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme.

Ba na cikin masu raina waɗannan littattafai. Su ne suka koya wa mata da yawa karatu a cikin kulle, su ne suka sa auren dole ya zama abin magana a tsakar gida. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda shi kansa haifaffen ƙasar Dawakin Kudu ne, rikicin mai kuɗi da talaka ne tsantsa, jikan Jiki Magayi. Balaraba Ramat Yakubu kuwa, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan Abu, 'yar ƙauyen da aka ɗaura wa Sarkin Noma, dattijo sa'an mahaifinta. A Alhaki Kuykuyo Ne ta nuna Rabi da 'ya'yanta tara, tana sayar da abinci bayan miji ya kore ta. Ban san wani marubucin Hausa da ya ƙirga kuɗin cefane a shafi da gaskiya irin tata ba, kuma ba banza ba aka fassara wannan littafi zuwa Turanci aka buga shi a Indiya a 2012.

Duk da haka, a lura da inda Abu ta samu tsira: sai da ta gudu birni. Wannan ya zama ƙa'ida. Ƙauye wurin da ake gudu ne, ko wurin da ake tura yarinya in ta yi laifi, ko inda boka yake zaune. Kasuwa ta gano cewa mai karatun da ke fama da talauci ta fi son a kai ta gidan bene ta huta na sa'a biyu, kuma ba na ganin laifinta. Marubucin da ya ranto kuɗin bugu dole ya ba ta abin da za ta saya. Da fim ya zo a shekarun 1990, sai aka raba aiki gida biyu: soyayya da rawa a gidajen alfarma, barkwanci a ƙauye. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙauye ne na gaske kuma gwani ne da ba a yi kamarsa ba, talakawa sun so shi don sun ga wayonsu a wautarsa. Amma bayan shekara ashirin ana dariya, baƙauye ya zauna a idon mutane a matsayin abin dariya kawai.

Akwai waɗanda ko wannan matsayi na baƙauye sun fi shi nisa da tsakiyar labari. Duk wanda ya taɓa tsayawa cin abinci a tashar mota ko a babbar kasuwar ƙauye ya san 'yan daudu: maza masu tuya da tuwo-tuwo, masu karin magana da habaici, masu kiran juna da sunan ƙawa. Tsofaffin mazauna ƙasar Hausa ne. Masana sun danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga iskokin bori, kuma an daɗe ana ganinsu a wajen wasan bori da gidajen mata masu zaman kansu da hidimar biki. Da yawansu daga ƙauyuka suka fito, yaran da gida ya ƙi su ko suka kasa zama a cikinsa. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa daudu da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne: akwai mai yi, akwai wanda ba ya yi, kuma da yawa suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna zuwa Makka. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an rufe gidaje da yawa, wasu suka watse zuwa wasu jihohi. A watan Janairun 2014 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin da ya kai shekara 14.

Yaya adabinmu ya yi da su? Hanya biyu ya bi. Ta farko dariya, kamar a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu. Ta biyu gargaɗi. A ƙarshen shekarun 1990 Alkhamees Bature Makwarari ya fitar da Matsayin Lover, wanda ya taɓo maɗigo tsakanin 'yan mata, aka yi masa ca. Tun daga nan, musamman da rubutu ya koma intanet, maɗigo da luwaɗi suna yawan fitowa, amma kusan kullum a jikin hajiya mai kuɗi ko alhaji ɗan ƙungiyar asiri, wanda zai lalata yaran mutane sannan ya yi mummunan ƙarshe. Wato an mai da abin cutar masu kuɗin birni, an wanke ƙauye tas. Hukuma ma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, shekarar da ta biyo kuma aka nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya. A 2024 hukumar tacewa ta hana finafinan da ke nuna daba da daudu. Marubucin da ke ganin haka, kafin kowa ya tace shi ya riga ya tace kansa.

Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, kuma fatawa aikin malamai ce. Abin da ke damuna a matsayin mai karatu wani ne dabam. Mutumin da ake yi wa dariya a fim yana da uwa. Akwai ranar da mahaifinsa ya fara lura da tafiyarsa, akwai dukan da ya sha, akwai daren da ya bar gida, akwai ƙanwar da yake aiko wa kayan ɗaki a ɓoye, akwai 'yan uwan da ke karɓar kuɗinsa amma ba sa son a gan shi a wajen suna. Wannan duka yana faruwa a garuruwanmu, kowa ya sani, kuma littafin da ya ba da labarinsa da gaskiya bai halatta komai ba. Shirun da muke yi bai hana komai faruwa ba. Abin da ya hana shi ne tausayi, ya kuma bar yaran da manya ke cutarwa a ɓoye ba su da bakin faɗa, don an koya musu cewa wannan magana ba a yin ta.

Akwai wata ƙasa da ta taɓa zama a irin wannan hali, ita ce Ayalan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Ƙasar manoma ce masu riƙo da addini, wadda talauci ya sa 'ya'yanta yin ƙaura kamar yadda namu ke tafiya cin rani. A 1929 ta kafa dokar tace littattafai. A 1960 Edna O'Brien, 'yar wani ƙauye a gundumar Clare, ta fitar da The Country Girls a kan 'yan mata biyu 'yan ƙauye, aka haramta shi. A 1965 aka haramta The Dark na John McGahern, wanda ya nuna uba manomi mai cutar da ɗansa, marubucin ya rasa aikinsa na koyarwa a Dablin. Daga baya ya koma gundumar Leitrim yana noma yana rubutu, kuma kafin rasuwarsa a 2006 ƙasar ta amince cewa babu wanda ya san ƙauyenta kamarsa. A kan wannan turba Colm Tóibín ya rubuta The Blackwater Lightship a 1999, labarin saurayi mai neman maza da ke jinyar ajali a gidan kakarsa, uwa da 'yar uwa suna koyon zama da abin da ba su taɓa furtawa ba. Claire Keegan, wadda ta taso a gona, ta ba da labarin mai sayar da gawayin kwal da ya gano yadda ake azabtar da 'yan matan da aka tsare a gidan 'yan zuhudu. A 2023 wata matashiya daga yammacin gundumar Cork, Chloe Michelle Howarth, ta fitar da Sunburn, kan yarinyar ƙauye da ta kamu da son ƙawarta a garin da kowa ya san kowa.

Ayalan ta bi hanyarta a dokoki, ta soke hukunta luwaɗi a 1993, ta amince da auren jinsi da ƙuri'ar raba gardama a 2015. Tarihinta dabam, addininta dabam, kuma ban kawo ta don a bi sawunta a wannan ba. Abin da na ɗauka a wurinta na sana'ar rubutu ne. Marubutan nan ba su mai da labarinsu na mutanen Landan don ya yi daraja ba. Alƙalaminsu ya tsaya a garinsu, sun rubuta farashin saniya, da warin ɗakin girki, da tsegumin bakin coci, da mutanen da gari ke sunkuyar da kai in an ambace su, kuma wannan ne ya kai su duniya. Namu da suka gwada haka da Turanci sun ga amfaninsa: Elnathan John da almajirinsa a Born on a Tuesday, da Abubakar Adam Ibrahim da Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar NLNG a 2016. Amma manomin Kibiya ba zai karanta su ba, kuma abin da aka faɗa a kansa da harshen da ba ya ji, kamar Baba ta Karo ce aka sake yi.

Yau shingen da ya tsare magabata ya faɗi. Ba a bukatar East, ba a bukatar NNPC, ba a bukatar ɗan kasuwar Bata. Mai waya a Lausu ko a Durba yana iya rubutawa da daddare, da safe a karanta shi a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa in aka ba mata fili, labarin sansanin gudun hijira da na fyaɗe da na talaucin gida suke kawowa, kuma mutane suna saurare har da hawaye. Ashe masu karatu ba su ƙi gaskiya ba, ba a cika ba su ita ba ne.

Saboda haka kirana ga matasan Rano da Kibiya da Bunkure masu sha'awar rubutu ne, maza da mata. Ku bar gidan benen Abuja, masu shi sun ishe shi. Ku rubuta ɗan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a biya shi da yamma, da matar da mijinta ya tafi Legas da babur shekara uku, da Bamagujen da ke maƙwabtaka da liman, da mai tuyar tasha da danginsa ba sa ambaton sunansa. Ku sauya sunaye don kada ku tona asirin kowa, amma kada ku sauya gaskiyar. Ku fara da tsofaffin da ke gidajenku. Wanda yake ɗan shekara 15 ranar da ruwan Tiga ya rufe gonar mahaifinsa, yau ya haura 65. Ku je ku same su da wayoyinku tun suna nan, ku gaishe su, ku zauna, ku bar su su yi magana.